Ɗalibi Ya Sauko Daga Rumfa, Ya Shiga Tsere

Idan aka ga babba yana gudu a ƙasar Hausa, tambayar da ke fara zuwa bakin jama'a ita ce, "Lafiya? Wa ya koro ka?" Mun ɗauka gudu aikin ɓarawo ne, ko matsoraci, ko yaron da bai san ciwon kansa ba. Mutumin kirki a natse yake tafiya. In kuwa ya sami ɗan ilmin boko da kujera a ofis, to, ko tafiyar ƙasan ma sai ta fara zame masa abin kunya. Ni ma haka na ɗauka, har zuwa hutun da ya wuce, sa'ad da na shiga wani tseren ƙafa a garin kakannina, na zo na 41 cikin mutum 58. Abin da na gani a ranar nan shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ina da magana da 'yan'uwana ɗalibai, da kuma shugabannin ƙungiyarmu.

Garin ƙarami ne, yana gindin duwatsu, can wajen da tsaunukan Jos suka fara gangarowa zuwa ƙasar Bauchi. Kowace shekara, bayan an kai amfanin gona gida, samarin garin sukan shirya tsere. Ba a kan kwalta ake yinsa ba, ba kuma a fili mai zane-zanen farar ƙasa irin namu na nan jami'a ba. Daga ƙofar gidan dagaci ake tashi, a bi burtali tsakanin gonaki, a ƙetare rafi, a hau dutse ta turbar da mata ke bi zuwa itace, a zagayo ta bayan wata ruga, sa'an nan a gangaro ta wani kwazazzabo a ƙare a filin makarantar firamare. An ce kimanin kilomita 12 ne, amma ba wanda ya taɓa aunawa.

Da samarin suka ji na zo hutu, sai suka aiko a gaya mini an ajiye mini kujera a rumfar manyan baƙi, kuma ana so in ce wani abu da Turanci, tun da ni ne ɗan jami'a. Na ce a'a, a rubuta sunana cikin masu gudu. Kawuna ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Haba ɗan nan! Kai da ilminka za ka tuɓe ka bi yaran ƙauye a guje? Me za a ce da mu?" Na ce, "Kawu, ka yi mini afuwa, sau ɗaya ne." Gaskiyar magana kuwa, ba tawali'u ne ya sa ni ba. Na zaci zan ba su mamaki. Ina buga ƙwallo a ɗakin kwananmu, ga takalmin kambas sabo, su kuwa yawancinsu takalmin roba ne a ƙafarsu, wasu ma ƙafa huhu lahu.

Bayan sallar asuba, gari ya ɗan yi haske, hazon hunturu bai gama tashi ba, aka busa usur. A cikin burtali ina cikin na gaba, har ina waiwaye. Da muka shiga rafi takalmina ya sha ruwa ya yi nauyi. Da muka kama hawan dutse kuwa, sai na gane ashe gudun fili daban, gudun turba daban. A fili mutum ƙafarsa kawai yake aiki da ita. A turba sai ya yi aiki da ido da hankali: ga tsakuwa mai zamewa, ga saiwar itace, ga ƙaya, ga dutsen da za ka taka ya juya da kai. Ban yi rabin hawan ba ƙirjina ya ɗauki zafi kamar an zuba barkono, haƙarƙarina ya riƙe, gudu ya koma tafiya, tafiya ta koma dafa gwiwa. Yaran da na raina suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya, da gajerun taku, ba haki, wani ma har ya ce mini, "Sannu Yaya, saura kaɗan." Ba saura kaɗan ba ne. A bayan rugar wata tsohuwa ta miƙo mini ruwa a ƙwarya tana cewa, "Sha, jikana, kowa ya ci zomo ya ci gudu." Na sha, na ji kunya, na ci gaba.

Wanda ya zo na ɗaya yaro ne da bai wuce shekara 17 ba, kiwon shanun mahaifinsa yake yi. Sa'ad da na iso fili ya riga ya huta, ya sha kunu, yana wasa da abokansa. Aka ba shi rediyo da bokitin roba, aka tafa masa, dagaci ya sa masa albarka. Na tambayi alƙalan tseren minti nawa ya yi. Suka dubi juna. Ba wanda ya duba agogo. Na tambayi wanda ya ci bara da bara waccan, aka yi ta gardama kan sunayensu. Watau yaron nan, wanda wataƙila Allah ya yi masa baiwar da ba a samu a cikin dubu, ya yi gudunsa ya tafi, ba a bar wata shaida ba ko da a bayan takardar ƙunshin ƙosai ce.

To, a nan ne maganata take. Ra'ayina shi ne, wurin ɗalibi a irin wannan taro ba rumfa ba ne. Ko dai ya shiga layi ya yi gudu, ko ya tsaya a bakin layi da agogo da littafi. Zaman kujera da jawabin Turanci ba su ƙara wa kowa kome ba.

Mu dubi inda gwanayen gudun yada-ƙanin-wani suke fitowa. A ƙasar Habasha akwai wani gari da ake kira Bekoji, a kan tudu mai tsawon kimanin mita 2,800 daga doron teku. Manoma ne da makiyaya, ba su fi mutanen garin kakannina wadata ba. Daga nan Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci zinariya a tseren mita 10,000 a wasannin Olimfik na Basalona a 1992, ita ce baƙar mace ta farko daga Afirka da ta yi haka. Daga nan Kenenisa Bekele ya fito, wanda ya yi shekara biyar a jere, daga 2002 zuwa 2006, yana lashe dogo da gajeren tseren daji na duniya. Daga nan kuma Tirunesh Dibaba ta fito. Ba wani katafaren filin wasa ne ya haife su ba. Wani malamin motsa jiki ne na makarantar garin, Sentayehu Eshetu, ya riƙa tara yara da sassafe yana sa su gudu cikin itatuwa da gangare, yana lura da wanda ya fi, yana tura shi gaba. Abin da Bekoji ta fi mu ke nan: mutum ɗaya mai ɗan ilmi wanda bai ga ya fi ƙarfin tsayawa cikin ƙura da usur a baki ba.

Tudun ma ai muna da shi. Birnin Jos yana kan kimanin mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabas da shi sun kai wajen mita 1,800, ga kuma tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Masu karatun likita a cikinmu sun san abin da zaman tudu ke yi wa jiki: iskar can ba ta ƙosar da huhu kamar ta kwari, saboda haka jini yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyinsa, mutum ya fi jure dogon gudu. Ba mu kai Habasha ko Kenya tsawo ba, amma ba a banza ba ne sau da yawa 'yan Jihar Filato ke zuwa gaban sauran 'yan Nijeriya a dogon tsere. Juriya kuwa gadonmu ce. Kakanninmu fatake da ƙafa suke zuwa Salaga ta ƙasar Gonja sayen goro, tafiyar watanni, kuma har yau zagage a ƙasa suke, gaban dokin sarki.

Amma me muka yi da wannan? Sai muka fara gini daga rufi. A 2005 gwamnatin Jihar Kuros Riba ta buɗe tseren hawan tsaunin Obudu, kimanin kilomita 11, da kyautar dala 50,000 ga wanda ya zo na ɗaya. A shekarun da aka yi ana yinsa, baƙi ne suka riƙa kwashe babbar kyautar. A 2016 aka fara babban tseren birnin Ikko, wani ɗan Kenya, Abraham Kiptum, ya cinye, ya sake cinyewa a 2017, har ta kai sai an ware wata kyauta daban domin ɗan ƙasa da ya fara isowa. Ban ce baƙin sun yi laifi ba, gumin goshinsu suka ci. Ban kuma ce a daina manyan tsere ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Sunan Nijeriya ya fito a gajeren gudu da tsalle, kamar zinariyar Chioma Ajunwa a 1996 da bajintar Tobi Amusan a 2022, domin waɗannan ana koyar da su a filayen makarantun birni. Dogon gudu kuwa a turbar ƙauye yake tsira, kuma can ɗin ne ba mai kula da shi. Ko maƙwabtanmu na Kamaru sun riga mu gane haka: tun 1973 suke tseren hawan dutsen Kamaru daga garin Buea, mutanen gindin dutsen ne ƙashin bayansa, har wata mace, Sarah Etonge, ta ci sau bakwai.

Na san za a ce da ni, "Malam, kana maganar turbar daji a zamanin da manomi ke tsoron zuwa gonarsa?" Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Akwai ƙauyuka da yawa a ƙasar nan inda aika yara bayan gari da asuba ganganci ne, kuma ba zan ce a yi ba. Amma ba ko'ina ne haka ba. Inda hali ya yi, sai a zaɓi hanyar da ba ta yi nisa da gari ba, da yardar dagaci da arɗo, a sa 'yan banga a kowace kwana. A tseren da na shiga, ɗan makiyayi da ɗan manomi, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, turba ɗaya suka bi, ƙwarya ɗaya suka sha. A yankin da ya sha ganin tashin hankali, ban san wani taro da ya haɗa su haka ba, in ba kasuwa ba.

Za a kuma ce, ina 'yan mata? A garin an yi wa ƙanana ɗan gajeren tsere, amma da yarinya ta fara girma sai a ce ya isa. In sutura ce abin damuwa, ai Ruƙayya Al-Ghasra ta Bahrain da hijabinta da dogon wando ta ci tseren mita 200 a wasannin Asiya na 2006. Ɗalibai mata na jami'ar nan su ne suka fi cancanta su yi wa iyaye wannan bayani, ba ni ba.

Ga shugabannin ƙungiyarmu kuwa, roƙona ba mai tsada ba ne. Kowace shekara ana kashe kuɗi a kan rigunan ƙwallo da liyafar ban-kwana. A ware kaɗan daga ciki a sayi usur, da littafin rajista mai ƙwarin bango, da akwatin magani. Wayoyin da ke aljihunmu suna auna nisa, suna ƙidaya daƙiƙa. Masu karatun safiyo da labarin ƙasa su bi turbar su fitar da tsawonta da hawanta. Masu karatun likita su tsaya a wuraren shan ruwa, su kuma shawarci masu shiryawa kada a sa tsere cikin zafin bazara ko watan azumi. A rubuta sunan kowane yaro, da shekarunsa, da lokacin da ya yi, a aika wa hukumar wasanni ta jiha kofe, a ajiye kofe. Ko ba su amsa ba bana, takarda ba ta mantuwa. Matasan ma'aikata da aka tura ƙananan hukumomi, ku ma wannan ya shafe ku, domin kun fi mu sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Sauranmu kuma, waɗanda ba su da kome sai ƙafa, mu shiga. Za a wuce mu, za a yi mana dariya, cinyoyinmu za su yi kwana uku suna ciwo. Nawa sun yi biyar. Amma yaron da ya ga ɗan jami'a yana haki a bayansa zai san abin da yake yi ba wasan banza ba ne, mahaifinsa ma zai sani.

Kafin in dawo makaranta na koma turbar nan da wayata, ni da yaron da ya ci tseren, shi a gaba ni a baya. Ashe ba ta kai kilomita 12 ba, 10 da ɗan ɗori ce. Na sayi littafi na bar wa sakataren samarin, na rubuta sunan yaron a shafi na farko, gurbin lokaci kuwa na bar shi fari. Sun ce tsere mai zuwa bayan girbi ne, kamar kullum. Kawu ya ce in har na nace sai na sake shiga, to, in daure kada in wuce na 30.