Idan Ɗanka Ya Ce Zai Karanta Tattalin Arziki, Kada Ka Sallame Shi Daga Kasuwa

 Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa, don maganar yau ta shafi aljihun kowa.

Duk shekara idan sakamakon jarabawar BAC ya fito, gidaje da dama a Takeita da sauran garuruwan Garagumsa sukan shiga shawara iri ɗaya. Yaro ya samu, an yi guɗa, sai ya ce shi ilimin tattalin arziki yake so ya karanta a jami'a, wato abin da ƴan lakwal ke kira ekonomi. Nan iyaye kan rabu gida biyu. Wani ya ce me za a koya wa yaron nan a kan kuɗi wanda ban sani ba, ni da na shekara 30 ina safarar wake? Wani kuma ya ɗauka ɗansa ya kama hanyar banki ke nan, har ya fara mafarkin mota. Mu a ganinmu duka biyun sun yi kuskure, kuma kuskure ne da ke iya cinye jarin gida.

Bari mu fara da abin da karatun ya ƙunsa. Digirin farko, wanda ake kira lisansi, shekara 3 ne idan yaro bai maimaita aji ba. Wuraren da aka fi sani da shi a ƙasar nan su ne Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Daga Damagaram zuwa Yamai kuwa tafiyar kusan kilomita 900 ce. Akwai kuɗin mota, da na ci, da na takardu, ga shi ba kowane ɗalibi ke samun bursu ba, wanda ya samu ma takan yi jinkiri. Karatun duka da Faransanci ake yin sa, kuma cike yake da lissafi da ƙididdiga da tsarin riƙon littafin kuɗi. Yaron da ya gudu daga lissafi tun a lise, ya zaɓi ekonomi don ya ji sunan kuɗi a ciki, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. A tambayi malamansa tun kafin a sayar da bijimi.

Sannan a sani, takardar ba ta zuwa da kujerar buro. Bankuna, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, da duwan, da ma'aikatar haraji, da babban bankin BCEAO mai reshe a Damagaram, duk suna ɗaukar masu wannan ilimi, amma guraben kaɗan ne, masu nema kuma ba iyaka. Kowa a cikinmu ya san mai digiri da ke zaune a fada yana shan shayi. Uban da ya tura ɗansa don aikin gwamnati kawai, caca ya yi da guminsa.

To, in haka ne, me ya sa muke cewa a tura su? Dalili shi ne abubuwan da suka fi karya ƴan kasuwarmu ba a cikin kasuwa ake ƙulla su ba. Dattawa sun tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka yi taro a Dakar aka rage darajar sefa da rabi. An kwana faran ɗaya na Faransa yana sefa 50, aka wayi gari yana sefa 100. Mai shigo da kayan Turai ya ga farashi ya ninka ba tare da ya yi laifin komai ba. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. A watan Mayu na 2023 ta janye tallafin man fetur, ƴan ruwa-ruwa suka ji a jikinsu. A watan Yuni na shekarar ta saki naira, darajarta ta zube. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma sai takunkumin CEDEAO ya sake toshe hanya har zuwa farkon 2024. Mu da muke zaune a mararrabar da titi ya rabu ya nufi Matamaye da Daura da Kano, babu ɗaya cikin waɗannan da bai taɓa tukunyarmu ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a Damagaram. Tun zamanin Sarki Tanimu ayarin raƙuma ke haɗa Birni da Tarabulus, kuma attajirai irin su Malam Yaro sun yi suna a wannan fatauci. Sun san rijiyoyin hamada ɗaya bayan ɗaya. Amma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin teku, wannan babbar hanya ta mutu. Sanin hanya bai hana hanya ƙaura ba.

Ga amfanin karatun nan a taƙaice: ɗan kasuwa ya san nawa tiya take yau, mai ilimin tattalin arziki yana koyon dalilin da ya sa take haka, da alamun da ke nuna inda za ta dosa. Bai san gaibu ba, Allah kaɗai ya san gobe. Amma yana iya gaya wa mahaifinsa cewa ba da tumaki bashi da naira, a lokacin da naira ke sauka kullum, asara ce tun kafin a zo biya.

Iyayenmu mata, ga misali a kanku. A ce kin sayi tiyar gyaɗa dala 100, kin yi mai da ƙuli-ƙuli kin sayar dala 120. Kin ce kin ci ribar dala 20, kin kai ta cefane. Kasuwa ta zagayo, kika tarar tiya ta koma dala 130. Kuɗin da ke hannunki ba ya sayen abin da ya saya jiya. Jari ya rame alhali kina ganin kina cin riba. Haka tsadar kaya ke cin mutum a ɓoye kamar gara, kuma tun shekarar farko ake koya wa ɗalibi yadda zai gano ta. Ɗiyar da ta iya wannan lissafi, ta zauna da uwarta da dare suka raba jari da riba da kuɗin cefane, ta fara biyan kuɗin karatunta ke nan.

Kada kuma wani ya ɗauka ilimin daga can yake zuwa mu kuma ba mu da komai. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a jihar Maraɗi a kan tsarin Mata Masu Dubara, wanda tushensa adashen iyayenmu ne. Yau ana amfani da wannan tsari na asusun mata a ƙasashe masu yawa na Afirka da wajenta. Wata malamar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan wayar salula ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. An buga binciken a 2010, ana karanta shi a jami'o'in duniya. Dillalanmu ne suka yi aikin da wayoyinsu, baƙuwa ta zo ta auna ta rubuta. Ina ƴaƴanmu da suka tashi a gindin buhu, suke jin Hausar dillalai tun suna goye?

Abin takaici shi ne yadda mu da kanmu muke raba yaro da kasuwa. Da ya shiga jami'a sai a ce wane ya zama babban mutum, kada ya ɗauki buhu, kada ya zauna rumfa. Shekara 3 ta wuce, ya dawo bai san bakin dillali ba, mahaifinsa kuma bai san abin da ke cikin takardunsa ba. Ga ilimi ga jari a gida ɗaya, amma ba sa ga maciji da juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka shawararmu ga iyaye ita ce a yi yarjejeniya tun kafin yaro ya hau mota. Duk hutu ya dawo rumfa. A ba shi littafi ya rubuta shiga da fita, da bashin da ake bin mutane, da kuɗin mota da na fatanti da na duwan. Ya riƙa rubuta farashin gero da dawa da wake kowace ranar kasuwa, tun daga kaka har bazara, ya gwada da wanda hukumar SIMA ke tattarawa. Bayan shekara 3 gidan zai mallaki abin da ba a saye da kuɗi, wato tarihin farashin kasuwarsa. Alhaji kuma ya daure ya buɗe wa ɗansa asirin ciniki. Wanda ya ɓoye wa magajinsa littafi, ranar da ya faɗi dukiya takan bi shi.

Kada a ce wannan karatu na maza ne. Galibin ƙananan sana'o'in kasuwanninmu a hannun mata suke, kuma akwai maganar kuɗi da mace ba za ta yi da namiji ba, amma za ta yi da ɗiyarta ko ɗiyar maƙwabciya.

Ga malaman jami'a kuma, muna roƙon su turo ɗalibai su yi bincikensu a kasuwar Dole da ta Takeita da ta Matamaye, su dawo su faɗa wa jama'a abin da suka gano da Hausa. Mu ma'aikatan rediyo ƙofarmu a buɗe take. Ku kuma ɗalibai, idan ba ku iya fahimtar da mai tuwo-tuwo dalilin tashin gero da harshen da take ji ba, to da sauran karatu a gabanku.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya sa mu dace. Amin.