Zumar da ke da ɗaci, kuma ba ta lalace ba

1/ Jama'a mu yi maganar zuma. Yawancinmu idan muka ɗanɗana zuma muka ji ɗaci, nan take za mu ce jabu ce ko ta lalace. Akwai zumar da ɗacin shi ne darajarta: zumar kastana, bishiyar da ake kira chestnut da Turanci. Ku biyo ni.

2/ Bishiyar tana fure wajen Yuni zuwa Yuli a duwatsun Italiya, Faransa, Sifaniya da gaɓar Baƙin Teku a Turkiyya. Turkawa na ce wa zumar kestane balı, a Italiya kuma miele di castagno. Ta yankin Lunigiana ma Tarayyar Turai ta ba ta rajistar kariyar suna tun 2004.

3/ Launinta ja ne mai duhu, wani lokaci har ta yi kusan baƙi. Ƙamshinta mai ƙarfi ne, kamar jiƙaƙƙen itace. Zaƙin kaɗan ne, sai ɗaci ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro. Cokalin farko ba kowa ke so ba, gaskiya.

4/ Tana daɗewa ba ta daskare ba, saboda sukarin furuktos ya fi gulukos yawa a cikinta. Wannan kaɗai ya isa ya rusa gwajin da muke yi. Wai in zuma ta daskare an zuba mata sukari? A'a fa. Furen da ƙudan zuma suka sha shi ke sa wata ta daskare da wuri, wata ta ɗauki watanni tana ruwa. Zuma nawa ta gaske aka mayar wa masu sayarwa a kan wannan camfin?

5/ Ra'ayina: duk wanda ya zuba ta a shayi ko koko ya yi asarar kuɗinsa. Ba a sayenta don zaƙi. Gishiri da maiƙo take so.

6/ Shi ya sa 'yan Italiya ke ɗiga ta kan cuku mai gishiri irin pecorino na madarar tumaki, ko gorgonzola, su haɗa da 'ya'yan itace irin fiya. Ana shafa ta a gasasshen nama ma.

7/ In an kawo maka tsarabarta daga Turkiyya, gwada ta a kan kindirmo mai sanyi, ko soyayyar awara, ko balangu. Ɗigo kaɗan. Da cukun Nijar kam ina ganin sai ta fi daɗi.

8/ Hattara: a wannan yankin na Baƙin Teku akwai wata daban, deli bal, daga furen rododendiron. Ita tana saukar da hawan jini da bugun zuciya, har ta kai mutum asibiti. Ka karanta rubutun kwalbar kafin ka sha.

9/ Sannan ko wace irin zuma ce, ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba. Ku gaya wa iyayenmu mata, a hankali dai 😅