Kafin a ɗora wa uwa laifi, a tambaye ta nawa aka ba ta na cefane



Idan aka yi maganar ƙiba ga yara a Ngojin, da yawanmu dariya za mu yi, mu ce ai matsalar 'ya'yan masu kuɗi ce. Mu abin da muka sani shi ne rama da tamowa. Kuma alƙaluma ba su ƙaryata mu ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, waɗanda nauyinsu ya wuce kima kuwa kashi 2 ne kacal.

Amma mu duba inda duniya ta dosa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima. A 2025 kuma UNICEF ta sanar cewa a karon farko masu matsananciyar ƙiba a wannan rukuni sun fi masu rama yawa a duniya, in ban da Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya. Ke nan har yanzu muna da sauran lokaci, kuma rigakafi ya fi magani.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, rama da ƙiba suna iya fitowa daga aljihu ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ƙwai da kifi da nama suka ƙara nisa da tukunyar talaka, duk da muna maƙwabtaka da kasuwar shanun Potiskum. Abin da ya rage mai araha shi ne mai cika ciki: taliyar leda, biskit, alawa, da lemon roba mai kala. Ga saurin dahuwa, ga sauƙin itace, ga shi yana kashe kukan yaro nan take. Sai ciki ya cika, jiki bai samu abin gina shi ba. Likitoci sun tabbatar cewa yaron da ya tsumbure yana ƙarami, in daga baya ya tashi kan sukari da maiƙo, ya fi fuskantar haɗarin ciwon sukari da hawan jini idan ya girma.

Saboda haka muke ganin duk mai son bincike kan abincin yaranmu, ya fara da sauraro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a ce uwa ba ta waye ba, a tambaye ta: nawa maigida ya ajiye da safe? Baki nawa ne a gidan? Wa yake fara ci, wa yake jiran ragowa? Me yaro yake saya da kuɗin tara a ƙofar makaranta? A tambayi iyaye maza ma, domin su ne masu cefane. Alƙaluman ƙasa ba za su gaya mana abin da yaron Ngojin ya ci jiya ba. Muna kira ga malamai da ɗaliban Jami'ar Jihar Yobe da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum su zo su yi wannan aiki, cikin harshenmu, da yardar mutane, ba tare da bayyana sirrin kowa ba. In sun gama, su dawo su faɗa mana abin da suka gano, kada ya ƙare a takarda.

Mu ma akwai namu. Idan masu bincike suka yi sallama, mu faɗi gaskiya, talauci ba abin kunya ba ne. Mu daina auna lafiyar yaro da kumatunsa; mu kai shi awo a asibiti. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6. Kuɗin da zai tafi ga lemon roba, a karkata shi ga ƙosai, awara, ko kunun gyada mara sukari da yawa. Gero da wake da gyada da zogale duk namu ne, daga gonakinmu suke fitowa.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, Ya hore wa iyaye abin ciyar da su. Amin.