Gyaɗar Kibiya da Alƙalaminmu

'Yan uwa marubuta, yau kanmu za mu tsarga.

A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa. Daga nan masana suka gano afulatoksin, gubar da funfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da aka adana ba su bushe ba. Tana lalata hanta, har ta kai ga kansa, kuma suya ba ta kawar da ita duka. Cibiyar IITA ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage ta.

Yawancin wannan ilimi yana kwance da Turanci a Samaru da BUK. Mai ƙuli-ƙuli a Kibiya, da manomin Rano da ke shanya gyaɗarsa a ƙasa, wa zai kai musu shi da harshensu?

Mu kuwa muna babi na 90, muna ƙara wa Alhaji aure. Masu cewa kimiyya ba adabi ba ce, lalacinsu kawai suke ɓoyewa.

Makon nan kowa ya nemi malamin gona, ya tambaya, ya rubuto mana shafi ɗaya. Ƙuli-ƙulin nan 'ya'yanmu ne ke cin sa.