Ƙafa, Me Muka Ci Ba Mu Ba Ki Ba?

Duk wanda ya saba fitowa bayan sallar asuba a unguwar Sukra, cikin birnin Sabha, ya san su. Samarinmu ne, 'yan Damagaram da Maraɗi da Katsina da Kano, waɗanda neman halali ya kawo Libiya, suna sassarfa a bakin titi bibbiyu ko uku-uku kafin rana ta ɗaga ta hana kowa sakat. Wani ƙwallo yake yi wa shiri, wani likita ne ya ce ya rage teɓa, wani kuwa kewar gida ce ta hana shi barci, ya ga gara ya gajiyar da jiki. Muna yaba musu. Abin da ba za mu yaba ba shi ne abin da ke ƙafarsu, da kuma hanyar da ya bi ya zo ƙafar.

Mun san yadda ake cinikin, domin da mu ake yi. Saurayi ya ga hoton kambas a waya, ko ya tsaya gaban tulin gwanjo a kasuwa. Tambayarsa uku ce: wane kamfani ne, nawa ne, akwai fari? Mai kaya ya ɗaga takalmin ya juya shi a rana, ya nuna tambarin Nike ko Adidas, ya rantse cewa na asali ne. In an yi sa'a a zura ƙafa ɗaya a tsaye, a ce ya yi. In ya matse, sai a ce zai buɗe. In ya yi yawa, sai a ce a cusa tsumma. A duk tsawon cinikin nan an yi maganar kuɗi, an yi maganar launi, an yi maganar suna, amma ita ƙafar da za ta ɗauki nauyin abin ba wanda ya ko kalle ta. Bayan mako biyu sai ka ga mutum yana ɗingishi, bororo a dunduniya, farcen babban yatsa ya yi baƙi, gwiwa tana ƙara, yana cewa ai gudu ne bai karɓe shi ba. Gudu bai yi masa laifin komai ba. Shi ne ya ci amanar ƙafarsa.

Bahaushe idan ya ga abin tsoro ya zura a guje, cewa ake yi ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Wato tun fil azal mun yarda cewa akwai bashi tsakaninmu da ƙafa, ranar wuya kuma ita ake tuna wa alherin da aka yi mata. To mu da ke zaune a Fazzan, me muka ba ta? Ita ce ta hau bayan mota daga Agadas, ta yi kwanaki a lanƙwashe ta Dirku da Madama da Gatrun har Sabha. Ita ce ke tsaye wuni guda a wurin gini, a gona, a garejin kanikanci, a gidan burodi. Baƙo a ƙasar mutane ba shi da jarin da ya wuce lafiyar jikinsa, kuma ranar da ƙafa ta ƙi taka ƙasa, ranar ce aiken kuɗi gida yake tsayawa. Wanda ke ganin maganar takalmi maganar gayu ce, ya tambayi uwar da ke jiran saƙo a Tasawa ko Daura.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, wannan jahilci sabo ne a wurinmu. Ba gadonsa muka yi ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratso Fazzan ta Murzuk a 1850, ya isa Kano a farkon 1851, cikin kayan da ya tarar birnin ya shahara da su, bayan tufafin rini, har da takalman fata da ake fitarwa zuwa ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majemanmu suka jeme, ita ce ta riƙa ƙetare Sahara har ta kai Turai, can aka laƙaba mata sunan fatar Maroko saboda ta hannun fataken arewacin Afirka ta isa gare su. Larabawan Gadamas da Tarabulus ba yawon buɗe ido ya zaunar da su a Dandalin Turawa cikin birnin Kano ba. Kayan hannunmu suka zo saye. Har yau akwai unguwar da ake kira Dukawa a Kano, sunan sana'ar ne ya bi ta. Wato ƙasar nan da muke zaune cikinta a matsayin 'yan ci-rani, ta nan takalmin Bahaushe ya bi yana neman kasuwa. Yau jikokin masu takalmin sun biyo sawun ayarin, sun zo suna sayen jabun kaya da ke cin ƙafarsu, suna murna.

Kuma baduku na ƙwarai bai taɓa fara aiki daga fata ba. Daga ƙafa yake farawa. Ya sa ka taka, ya zana sawunka, ya duba faɗin yatsu da tudun ƙafa, ya lura ko dunduniyarka tana cin gefe ɗaya. Wannan ilimi ne, ko da ba a rubuta shi a littafi ba. Mu ne muka mai da shi abin raini. Muka ce dukanci sana'ar ƙasƙanci ce, muka hana 'ya'yanmu mata auren mai yinta, muka bar shumeka a gindin bango yana jiran a jefo masa silifas ya ɗinke. Sai ga shi a biranen Turai da Amurka an buɗe shaguna na musamman don masu gudu, inda abin da ake alfahari da shi shi ne ainihin abin da badukunmu ke yi: a auna tsawon ƙafa da faɗinta, a sa mutum ya ɗan yi sassarfa ana kallon yadda yake taku, a tambaye shi inda yake gudu da nisan da yake ci a mako, sannan a fito masa da takalma biyu ko uku ya gwada. Can sunansa ƙwarewa, ana biyan kuɗi a kansa. Nan kuwa mun bar shi a gindin bango.

Kada a ɗauka muna cewa duk abin da shagunan can ke faɗa gaskiya ne. Su ma 'yan kasuwa ne. An daɗe ana sayar wa mutane takalmi bisa siffar tafin ƙafarsu, ana cewa mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ga nasa, mai ƙafa mai rami ga nasa, sai binciken da aka yi a kan dubban kuratan sojan Amurka wajen 2009 da 2010 ya nuna cewa raba takalma ta wannan hanya bai rage yawan jin rauni ba. Abin da ya rage bayan an tace shi ne abu mafi sauƙi, wanda ba ya buƙatar kwamfuta: takalmin ya zauna daidai, kuma mai shi ya ji daɗinsa yana cikin motsi. Wannan kuwa ba a gane shi ta hoto. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Tarihin gudun ma shaida ne. Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren gudun yada-ƙanin-wani na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960, kilomita 42 da 'yan kai, ba takalmi a ƙafarsa, domin wanda ya samu bai zauna masa daidai ba. Ya gwammace duwatsun titi da takalmin da zai yi masa bororo. A 1964 a Tokyo ya sake ci, wannan karon da takalmi. A ɗaya gefen kuma, Eliud Kipchoge na Kenya ya gama wannan nisa cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a watan Oktoban 2019, da takalmin da aka ƙera musamman, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40. Samarinmu sun ga hoton Kipchoge, sai suka ɗauki darasin a baibai: suka ga tambari, ba su ga watannin da aka yi ana auna ƙafarsa ba. Irin waɗannan takalma ma don tsere a kan kwalta mai santsi aka yi su, ba don titin da rairayi ya cinye rabinsa ba, wasunsu kuma ba su da dogon kwana ko a ƙafar gwani.

Mun san abin da za a ce. Za a ce talauci ne, mutumin da ke tara dinari don ya aika gida ina ya ga kuɗin sabon takalmi. Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi mata dariya ba. Amma a duba da kyau. Wanda ya sayi jabu sau uku a shekara, ya haɗa da kuɗin magani da kwanakin da bai fita aiki ba, shi ne ya kashe kuɗi, ba wanda ya sayi guda mai kyau ba. Araha ba ta ado, ba ta kuma gudu. Gwanjo ba haramun ba ne, da yawanmu da shi muka girma, kuma a kasuwar Ƙofar Wambai an sha dacewa da na kirki. Sai dai takalmin gudu ba riga ba ne. Ransa yana cikin soson da ke tsakanin tafin ƙafa da ƙasa, kuma masana suna ƙiyasta cewa soson nan yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800. Saman takalmi yana iya ƙyalli alhali cikinsa gawa ne, ya kuma riga ya karkace bisa takun wani mutum da ba ka taɓa gani ba. Mai sayar da gwanjon da ya san aikinsa zai danna soson da yatsa, ya ajiye takalmin a ƙasa ya ga ko ya jirkice, ya ce maka wannan na zuwa kasuwa ne, ba na gudu ba. Irinsa muke nema. Ba mu ce a je inda ya fi tsada ba. Mun ce a je inda ake kallon ƙafa kafin a kalli aljihu.

Gane shi ba wuya. Zai ce ka dawo da yamma, domin ƙafa takan kumbura bayan wuni, balle a zafin Sabha da ke haura digiri 40 a bazara. Zai sa ka gwada ƙafa biyu, da safar da za ka yi gudun da ita, domin da wuya ka sami mutumin da ƙafafunsa suka zo daidai da juna. Zai duba ko akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Ba zai rantse da lamba ba, don ya san 42 ta Turai ita ce wajen 8 ta Ingila, kuma 42 ɗin wani kamfani ba ita ce ta wani ba. In ka ce masa kana da ciwon suga, zai ƙara natsuwa, domin ƙafar mai suga takan daina jin zafi, ƙaramin gurjewa ya zama gyambon da ke kai mutum ga wuƙar likita. Kuma ba zai ji haushi ba in ka tashi ba ka saya ba.

Mun taɓa zama a rumfar wani dattijo mai gyara da sayar da takalma, mutumin ƙasar Damagaram, wani saurayi ya zo da zumuɗi yana nuna wani farin kambas. Dattijon bai miƙa masa ba. Ya ce, "Ɗana, cire na ƙafarka in gani." Ya juya tsohon takalmin, ya daɗe yana duban inda ya cinye, sannan ya ce, "Ƙafarka mai faɗi ce, wannan da kake so zai yanka maka ɗan ƙaramin yatsa kafin Juma'a." Yaron ya ce, "Baba, ai shi ake yayi." Dattijon ya ce, "To yayin ne zai yi maka gudun?" Aka yi dariya, yaron ya tafi da wani ruwan toka marar tambarin kirki, ransa a ɓace. Har yanzu da shi yake fita da asuba.

Rumfa irin wannan ba wurin ciniki kaɗai ba ce, kuma nan ne asararmu ta fi girma idan muka bar ta ta mutu. Shagunan masu gudu na ƙasashen waje sukan tara abokan cinikinsu su fita gudu tare a ranakun da suka tsayar, suna tallar abin kamar sabuwar hikima. Mu majalisa muke kiransa, kuma mun fi su sanin daɗinsa. A bakin rumfar mai takalmi ake sanin wa ya zo daga gida jiya, wa ke neman aiki, wa aka kwana biyu ba a gani ba. A garin da baƙo ba ya son ya yi nisa shi kaɗai da duhun asuba, sanin wanda za ka fita tare da shi ba ƙaramin abu ba ne. Hoton da ke cikin waya ba zai tambaye ka jikin mahaifiyarka ba, ba zai ce maka kada ka bi ta wancan layin yau ba, ba kuma zai karɓi takalmin ya sake manne shi da gam in ya ɓalle. Duk dinarin da muka kai wa mai tuli da rantsuwa, mun cire shi ne daga bakin wanda ya san sunanmu.

Laifin kuma ba na masu saye kaɗai ba ne. 'Yan kasuwarmu da ke da hali, masu sarin takalma buhu-buhu, me ya hana ɗayansu ya ajiye benci da abin auna ƙafa, ya ɗauki baduku guda ya zaunar da shi a shagon da albashi da mutunci? Me ya hana a ware kusurwa a ce wannan ta masu gudu da 'yan ƙwallo ce, a ajiye safar da ba ta riƙe gumi, a daina cusa wa mutane ta auduga da ke jiƙewa ta goge fata? Masu tseren Sahara na ƙasar Maroko, wanda ake yi tun 1986 a kan nisan wajen kilomita 250, sun daɗe da sanin cewa a rairayi ana ƙara girman takalmi, ana kuma rufe bakinsa da ƙyalle don kada yashi ya shiga. Baturen da ke zuwa hamada mako guda a shekara ya koyi wannan. Mu da muke kwana muna tashi a cikinta, telanmu yana nan, badukunmu yana nan, ba wanda ya ce su ɗinka mana.

Shugabannin al'ummarmu a Sabha, masu tara mu in an yi rasuwa ko an sami saɓani, su ma muna da magana da su. Dattawan nan masu basilla da zare suna tsufa, yaran da ya kamata su gaje su kuwa sun fi son a gan su da waya a hannu. Gobe da asuba samarin Sukra za su sake fitowa. A tsaya a bakin titi a ƙirga masu ɗingishi a cikinsu.