Malamar Makarantar Da Ta Ƙago Wasan Sabulu

A watan Fabrairu na 2025 gidan talabijin na CBS a Amurka ya soma nuna wani wasan kwaikwayo na kullum mai suna Beyond the Gates, wanda wata baƙar fata, Michele Val Jean, ta ƙago. Abin ya zama labari, domin rabon da manyan gidajen talabijin na ƙasar su fito da sabon irinsa tun 1999. Shi ya sa na ga ya kamata ku san uwar wannan sana'a.

Sunanta Irna Phillips, an haife ta a birnin Shikago a 1901, ita ce auta cikin 'ya'ya goma. Malamar makaranta ce kamata, kafin ta ajiye alli ta koma gidan rediyon WGN, inda a 1930 ta rubuta Painted Dreams, labarin wata gwauruwa da 'yarta, ana kawo shi kaɗan-kaɗan kowace rana. Kamfanonin sabulu suka lura matan aure na sauraron irin wannan wasa suna aikin gida, sai suka riƙa biyan kuɗinsa don tallar kayansu. Daga nan Turawa suka laƙaba masa suna wasan sabulu.

To, ga inda nake so ku kasa kunne. Da wasan ya karɓu, sai gidan rediyon ya ce ai nasa ne, ba nata ba. Ta kai ƙara, aka yi shekaru ana shari'a, ta fāɗi. Ita da wahala, wasu da riba. Amma ba ta karaya ba. A 1937 ta fito da Guiding Light, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009, watau shekara 72. A 1956 kuma ta kawo As the World Turns na rabin awa, alhali minti 15 aka saba. Ba ta ma zama rubutu, tana zirga-zirga a ɗaki tana kwaikwayon muryar kowa, sakatariya na ɗauka.

Masu cewa irin wannan wasa ɓata lokacin mata ne, ni dai ban yarda ba. A 1962 almajirarta Agnes Nixon ta sa wata mata cikin Guiding Light ta je asibiti, gwaji ya gano cutar daji a mahaifarta da wuri, ta tsira. An hana ta ambaton sunan cutar, duk da haka mata suka gane.

Ita kuwa Irna, As the World Turns mallakar kamfanin sabulu na Procter & Gamble ne. A 1973 suka sami saɓani kan yadda take tafiyar da labarin, kamfanin ya sallame ta daga wasan da ta ƙago da kanta. A watan Disamba na shekarar ta rasu. Wannan kamfani yana cikin waɗanda suka sa hannu aka yi Beyond the Gates.