Daga Teburin Malam: Mu Kai Yaranmu Kan Dutse

Ga shi an gama girbi, an kai amfanin gona rumbu, hunturu kuwa ya fara busowa. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa da tafiyar ƙasa, gama ciyawa ta bushe, rafuka sun janye, rana kuma ba ta da zafi irin na bazara. Saboda haka a wannan wata zancena a kan wani darasi ne wanda ba ya koyuwa a allo, sai an taka da ƙafa.

Ku gwada wannan a gida. Ku tambayi ɗanku sunayen 'yan ƙwallon Ingila ko na Sifen, zai jera muku goma bai numfasa ba. Sa'an nan ku tambaye shi ina Dutsen Habude yake, ko kuwa me ya sa kakanninsa suka yi zama a kan duwatsu. Sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Laifin ba nasa ba ne, gama ba a kai shi ya gani ba. Yaron da bai san abin da mutanensa suka sha kafin su sami zaman lafiya ba, da wuya ya san tamanin zaman lafiyar nan.

Bari mu fara da sanin ƙasar. Birnin Kudu yana kan hanyar Kano zuwa Bauchi, wadda ta bi ta Ningi, kimanin mil 80 daga Kano. Gwaram tana gabas da shi, tana iyaka da Jihar Bauchi. Dukansu biyu a Jihar Kano suke dā, har aka yanke Jihar Jigawa a 1991, yanzu kuwa suna cikin masarautar Dutse. Yawancin Jigawa fili ne shimfiɗaɗɗe mai rairayi, amma a nan kudu sai ka ga manyan duwatsu sun taso tsakiyar gonaki, waɗansu a kan waɗansu, kamar da hannu aka ɗora su.

Waɗannan duwatsu sun ceci rayuka. Wajen 1846 wani malami mai suna Hamza ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano tare da jama'arsa saboda rigimar haraji, ya shiga duwatsun Ningi, ya zauna cikin Butawa da Warjawa da maƙwabtansu. Daga nan ne mulkin Ningi ya kafu, aka yi shekaru masu yawa ana yaƙi tsakaninsu da Kano, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855. Birnin Kudu da Gwaram suna bakin iyaka, watau su ne a bakin wuta. Ƙarfin Kano a kan doki yake, doki kuwa ba ya hawan dutse, don haka Ningawa suka riƙe duwatsunsu aka kasa fitar da su. Haka nan kuma talakan da ke noma a fili, in ya ji mahara sun taso, sai ya kwashi iyalinsa ya nufi ganuwar birni, in birni ya yi nisa ya hau dutse mafi kusa. Ba a daina irin wannan zama na ɗar-ɗar ba sai bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, mutane suka riƙa saukowa fili da kaɗan kaɗan.

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce mun kai 'yan aji 6 na makarantarmu, yara 24, tare da malamai 3 da iyaye mata 2, mu ga irin wannan mafaka da idonmu. Mota ta sauke mu a wani ƙauye na ƙasar Gwaram da sassafe. Muka fara zuwa ƙofar mai unguwa muka yi gaisuwa, muka faɗi abin da ke tafe da mu. Ya haɗa mu da wani dattijo mafarauci wanda ya san hanya. Muka bi ta cikin gonakin da aka girbe, muka ƙetare busasshen rafi, muka yi kamar awa biyu muna tafiya kafin mu kai gindin dutsen.

Tun a nan darasi ya fara. Yara maza suka so su ruga su hau ta inda ido ya nuna musu. Dattijon ya ɗaga sanda ya ce, "Kai, samari, ku dakata. Ta nan ko akuya ba ta hawa." Ya zaga da mu bayan dutsen, ya nuna mana wani ɗan tsagi tsakanin manyan duwatsu biyu, wanda mutum ɗaya kaɗai yake iya bi a lokaci guda. Muka shiga layi, babban malami a gaba, wani a tsakiya, ni a baya. Wata yarinya ta juyo ta ce, "Malam, don me ba su faɗaɗa hanyar ba?" Na ce ta tambayi Baba. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, in hanya ta yi faɗi, ai abokin gaba ma ya samu. A nan mutum biyu masu baka da kibiya sun isa su tare mutum ɗari."

Da muka kai bisa, sai ga fili a kan dutsen wanda ba a ganinsa daga ƙasa. Nan kufai yake. Muka ga duwatsu an jera su a bakin gangare, muka ga gurabun niƙa sun lotsa cikin dutse, ga tsingaro barkatai a ƙasa. Akwai wani kwarmi inda ruwan sama yake taruwa. Na sa yaran su zauna su yi lissafi. In gida ɗaya yana shan tulu uku a yini, gida ashirin fa? Kwana nawa ruwan kwarmin nan zai kai su? In ya ƙare, wa zai sauka rafi, ta wannan tsagi, da tulu a kai, mahara kuwa suna ƙasa? Suka yi shiru. Ɗaya daga cikin iyaye matan ta ce, "Mata ne za su sauka mana. Dā ma su ne." Ban taɓa ganin yara sun fahimci kalmar "yaƙi" kamar ran nan ba. A littafi yaƙi sunan sarki ne da shekara. A kan dutsen nan suka gane ƙishirwa ce, da tsoro, da hatsin da aka baro a gona ba a girbe ba.

Daga can bisa ana hangen ƙasa nesa ta kowace fuska. Dattijon ya nuna kudu maso yamma ya ce can ne wajen Ningi. Wani yaro ya ce, "Ashe su ne miyagun." Nan na tsaya na yi musu bayani, ina kuma roƙon kowane malami ya yi haka. Mutanen duwatsun Ningi su ma ana kai musu hari ana kama su bayi, su ma a kan dutse suke ɓoye 'ya'yansu. Kowane gefe ya yi kuka. Yau jikokin waɗannan da na waɗancan suna cin kasuwar Sara tare, suna auren juna. Wanda ya hau kufai ya sauko da ƙiyayyar wata kabila, ya yi wahalar banza.

Kashegari muka koma Birnin Kudu domin mu ga abin da ya girmi yaƙin Ningi nesa ba kusa ba. A gefen garin akwai Dutsen Mesa, da Dutsen Habude, da Dutsen Murufu, inda mutanen dā suka yi zane da jan launi a ƙarƙashin inuwar duwatsu. Yawancin zanen na shanu ne. Na ce wa yaran su duba da kyau su gaya mini abin da ya bambanta su da shanun da suke gani a rugar Fulani. Ba a jima ba wani ya ce, "Malam, ba su da tozo!" Lalle haka ne. Bunaji da Rahaji da Bokolo na yau duk masu tozo ne, asalin masu tozo kuwa daga Asiya ne, daga baya suka bazu a ƙasashenmu. Shanun da suka riga su marasa tozo ne, irin muturu da ake samu a kudu, da kuri na bakin Tafkin Chadi. Saboda haka masana suke ganin zanen nan tsoho ne ƙwarai. Irinsa yana nan a Shira da Geji cikin Jihar Bauchi, har can cikin Hamada, a duwatsun Azbin na Nijar da na Aljeriya, inda aka zana shanu a wuraren da yau babu ciyawar da za ta ƙosar da akuya.

Akwai kuma duwatsu masu kiɗa. In ka ɗauki ɗan dutse ka buga su sai su yi ƙara kamar ƙararrawa, kowane gurbi da irin muryarsa, guraben kuwa sun yi sumul saboda yawan bugu. Wani Baturen Ingila mai suna Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya rubuta labarinsu bayan ya gan su a Birnin Kudu a 1955. Daga nan masana suka fara neman irinsu, suka kuwa same su a wurare da yawa na Afirka. Ku duba fa, abin da masanan duniya suka fara koya a ƙofar gidanmu, ɗanmu bai taɓa jin labarinsa ba.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Gwamnatin Tarayya ta sa waɗannan wurare cikin kayan tarihin ƙasa, hukumar da ke kula da gidajen tarihi kuwa, wadda aka kafa a 1979, tana da ma'aikata a garin. Amma ma'aikaci ba ya kwana a gindin kowane dutse, kufan da ke cikin daji kuwa ba mai tsaronsu sam. Ko'ina a ƙasar nan ana fasa duwatsu ana sayar da tsakuwa don gini. Mai neman zuma ko gafiya yana hura wuta a bakin kogo, hayaƙi ya baƙanta bango. Ɗan makaranta yana zuwa da gawayi ko fenti ya rubuta sunansa. Wani kuma yakan watsa wa zane ruwa don ya fito sosai a hoton wayarsa, bai san yana kashe shi ba ne. Abin da ya jure rana da ruwan sama tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, guduma tana iya gamawa da shi a yini ɗaya, ba kuwa mai iya mayar da shi.

A Jihar Adamawa akwai Sukur, gari a kan dutse mai hanyoyi da aka shimfiɗa da duwatsu. A 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na fari a Nijeriya. Abin da ya kai shi nan shi ne mutanensa sun riƙe abinsu da daraja. Ba wanda zai zo daga Abuja ya ƙaunaci dutsenmu fiye da mu. Yaron da aka kai shi ya gani, aka yi masa bayani, shi ne gobe zai hana a fasa.

Ga shawara ga duk makaranta ko ƙungiyar matasa da ke so ta yi irin wannan tafiya.

1. Ku nemi yardar iyaye tukuna, ku kuma tambayi hukuma da masu gari lafiyar hanya. In an ce wuri ba lafiya, ku haƙura, dutse ba ya gudu.

2. Kada ku hau sai kun gai da mai unguwa ko dagaci, ya ba ku ɗan gari. Ku ba ja-goran ɗan abin goro, gama ya bar aikinsa dominku. A Birnin Kudu ku fara zuwa wurin ma'aikatan tarihi.

3. Ku tashi da sassafe, ku sauko kafin la'asar. Kowane yaro ya riƙe gorar ruwansa, da ɗan guzuri kamar ƙuli-ƙuli ko gyaɗa ko dabino. A sa takalmi mai kama ƙafa, ban da silifa.

4. Babba ɗaya ga yara 6 ko 7. A ƙirga yara a gindin dutse, a ƙirga a bisa, a sake ƙirgawa bayan an sauko. Tafiyar mai rauni ita ce tafiyar kowa, sannu ba ta hana zuwa.

5. Kada yaro ya sa hannu cikin rami ko tsagi, saboda maciji da kunama. In kun ji kukan ƙudan zuma, ku janye a hankali ba tare da ihu ba.

6. Kada a taɓa zane, kada a jiƙa shi, kada a rubuta kome a dutse. Ko tsingaro ɗaya kada a ɗauka. A zo da littafi da fensir, kowa ya zana abin da ya gani.

7. In an koma gida, kowane yaro ya je wurin kakansa ko wani tsoho a unguwa ya tambaye shi inda mutanensu suka zauna kafin su zo inda suke yanzu, ya rubuta amsar. Tsofaffin da suka ji labarin nan daga bakin iyayensu suna ƙarewa.

Kuɗin tafiyar bai taka kara ya karya ba, kuɗin mota ne da na guzuri. Ba lalle sai kun zo Birnin Kudu ba. Mutanen Kano suna da Dala, na Zariya suna da Kufena da Turunku, na Zamfara suna da Kwatarkwashi, kusan kowane gari kuma yana da kufai ko guntun ganuwa a kusa. In kun je, ku rubuto mana ta hannun Edita ku gaya mana abin da yaranku suka gani da abin da suka tambaya, za mu sa waɗansu wasiƙun a wannan fili.

Allah ya kiyaye mana yaranmu a hawa da sauka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.